Bindigar Gargajiya da Masu Koyar da Ita a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya taɓa halartar hawan salla ko naɗin sarauta a ƙasar Hausa ya san cewa kafin a hango laimar sarki, ƙarar bindiga ake fara ji. Hayaƙin albarushi ya turnuƙe ƙofar fada, dawaki su yi ta haniniya, mata su rangaɗa guɗa, yara kuwa su toshe kunnuwa amma su ƙi matsawa.  Sai dai kaɗan ne daga cikin ƴan kallo suke tambayar kansu wanda ya koya wa mutanen nan riƙon wannan makami, har suke ɗura shi su harba a tsakiyar dubban jama'a, a watse lafiya. Amsar tana cikin tarihin wasu dattawa da ba a cika ambaton su ba, waɗanda suka koyar da samari ba tare da albashi ba, tsara bayan tsara. Wannan maƙala a kansu take, da kuma a kan ilimin da suka bari, wanda yake neman magada a yau.

Yadda bindiga ta iso

Bindigar da ake magana a kanta ita ce wadda ake ɗurawa ta baki, wadda wasu ke kira adaka, wasu bindigar toka, masu barkwanci kuma su ce harba-ka-ruga, saboda idan ta tashi sau ɗaya sai an sake ɗuri kafin ta sake magana. Ta hanyoyi biyu ta shigo ƙasashenmu. Ta farko ita ce hanyar hamada, tare da ayarin fatake daga Tarabulus. Ta biyu kuwa daga bakin teku, inda Turawa ke sayar da ita, ta ratso ƙasar Yarbawa da Nufe har ta kai kasuwannin Kano da Katsina.

Tun farkon zuwanta tare da malami ta zo. A ƙarshen ƙarni na 16, Mai Idris Alooma na Barno ya kawo Turkawa gwanayen harbi, aka kuma horar da bayin gidansa har suka ƙware, kamar yadda limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta. A Kano, littafin tarihin sarakunan garin ya nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye rundunar ƴan bindiga masu tsaron sarki. Ke nan tun wancan lokaci sarakuna sun gane cewa sayen bindiga abu ne mai sauƙi ga mai dukiya, amma samun wanda ya iya ta sai an yi haƙurin koyarwa.

Tsakanin Maraɗi da Damagaram

Bayan da jihadi ya ci birnin Katsina a wajajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi, Gobirawa kuma daga baya suka zauna a Tsibiri. Tasawa ta kasance ɗaya daga cikin manyan garuruwan wannan ƙasa, mashigar ayarin Abzinawa masu gishiri da fataken da ke nufin Kano. A watan Janairu na 1851 Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a cikinta a kan hanyarsa ta zuwa Katsina. A wancan zamani, har zuwa yaƙe-yaƙen da Ɗan Baskore ya yi ta kaiwa ƙasar Katsina, ƙarfin mayaƙan wannan yanki yana ga doki da takobi da mashi, da kuma kwari da baka na ƴan ƙasa. Bindiga tana nan, amma ƴar ƙalilan ce, kuma a hannun fada take.

A gabas ne al'amarin ya sauya. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa ana haɗa albarushi a cikin birninsa, maƙera kuma suna zuba masa igwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ya mallaki bindiga kimanin 6000 da igwa kimanin 40. Mafi yawan masu riƙe da su bayin sarki ne, a ƙarƙashin shugabanni da ke horar da su. Garuruwan da ke tsakanin Damagaram da Maraɗi, ciki har da Tasawa, sun rayu a inuwar wannan ƙarfi, sun kuma ga yadda bindiga ke sauya ma'aunin yaƙi. A ƙarshen ƙarnin, rikicin sarauta da ƙarfin Ƙaura Hasau suka sa Sarkin Katsina Mijinyawa ya bar Maraɗi ya zauna a Tasawa, garin ya ƙara zama wurin fada da fadawa.

A fadojin ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Bindiga, shugaban masu harbin fada, akwai kuma Sarkin Baka, shugaban mahalba. Waɗannan sarautu biyu su ne makarantun harbi na wancan zamani, ɗaya a cikin gari, ɗaya a dawa.

Darasin shekarar 1899

Babu yankin da ya fi wannan sanin abin da bindiga ke yi idan ta faɗa hannun da ba shi da linzami. A 1899 rundunar Faransawa ƙarƙashin kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ta ratso daga yamma tana neman tafkin Cadi. Ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, ta bi garuruwa tana ƙonawa har ta iso wannan ƙasa, inda mutanen Koran Kalgo suka ga abin da baki ba ya iya faɗa. Ran 14 ga watan Yuli, kusa da Dankori, Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko don ya tsayar da ɓarnar. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baki, aka kashe Chanoine, sa'an nan Voulet, a Maijirgi, inda kaburburansu suke. Sauran rundunar ta wuce gabas, ta karya mayaƙan Sarki Amadu Kuren Daga a Tirmini a ƙarshen watan, ta shiga Damagaram.

Abu biyu wannan shekara ta nuna. Na farko, bindigar da ake ɗurawa ta baki ba ta iya tsayawa gaban wadda ake sa wa harsashi ta baya, domin kafin mai adaka ya gama ɗuri ɗaya an harbe shi sau da yawa.  Na biyu ya fi nauyi. Sojojin Voulet sun samu horo, sun iya saiti, sun iya ɗuri cikin sauri. Abin da aka hana su shi ne sanin darajar rai. Duk koyarwar da ta tsaya ga hannu da ido, ta bar zuciya, ƙarshenta ke nan.

Daga fagen fama zuwa dawa da ƙofar fada

Tun a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burusel, wadda ta taƙaita sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu dutsen ƙyastu da albarushin kasuwa. Mulkin mallaka ya bi wannan tsari, ya sa riƙon bindiga sai da takardar izini. Wannan shi ne dalilin da ya sa tsohuwar adaka ta daɗe a ƙauyukanmu bayan an manta da ita a ƙasashen da suka ƙera ta. Maƙeran gida suka koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta ɗungum.

Da yaƙe-yaƙe suka kwanta, jama'a suka fita daga garuruwa masu ganuwa suka bazu cikin dawa, musamman arewa, wajen Gulbin Kaba da ƙasar Mayahi da Kananbakashe. A labarin kafuwar ƙauyuka da dama, mahalbi ne ke fara zuwa: shi ya san inda ruwa yake, shi ya san halin dajin, shi ke kore kura da sauran namun da ke barazana ga dabbobi da gonaki, sa'an nan manoma su biyo sawunsa. Bafaranshen masani Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin al'ummar kwarin Maraɗi, ya yi bayanin matsayin mahalba a cikin sana'o'in gado, da al'adar buɗin daji, wadda sai an yi ta bayan kaka kafin a shiga farautar taro. Wato farauta tana da lokacinta, tana da shugabanta, tana da abin da aka hana.

A cikin gari kuwa bindiga ta zama muryar biki. Da ita ake tarbar babban baƙo, da ita ake raka sarki idi, da ita ake shaida wa na nesa cewa an yi naɗi. Ko bayan da aka mayar da mazaunin kumandan daga Tasawa zuwa Maraɗi a 1927, wannan al'ada ba ta bar ƙofar fada ba.

Yadda ake koyarwa

Babu allo, babu aji, babu kuɗin makaranta. Yaro yakan tashi a gidan mahalba ya gaji ubansa, ko kuma uba ya kai ɗansa wurin wani dattijo da ɗan goro, ya ce ga amana. Daga ranar yaron ya zama ɗan gida. Abin da malamin ke samu bai wuce gaisuwa da girmamawa ba, da taimakon noma, da kason nama idan an dace. Abin da ke sa shi yin aikin shi ne kada sana'ar ta mutu a hannunsa, da kuma sanin cewa idan yaron unguwa ya yi ɓarna da bindiga, sunan dattawan unguwar ne zai ɓaci.

Ba a fara ba yaro bindiga. Yakan daɗe yana ɗaukar jaka da gora, yana bin malaminsa a baya, yana koyon sawun dabba da inda iska ke kaɗawa da yin shiru. Daga nan ya koyi baka, wadda ke koya wa ido auna nisa, ta koya wa ƙirji riƙe numfashi. Sa'an nan a ba shi bindiga marar ɗuri ya wanke, ya shafa mata mai, ya san kowane sashe nata: bututu, kota, kunama, sandar ɗuri. Duk wannan lokaci malamin halinsa yake dubawa. Yaro mai saurin fushi, ko mai son a gan shi, ko mai wasa da abin da aka ce ya bari, yakan tsufa yana ɗaukar jaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya ƙi tanƙwaruwa kuwa ba a yin baka da shi.

Idan lokacin harbi ya yi, a bayan gari ake yi, a sa abin bara a gaban tudu ko jigawa, yadda harsashin da ya kuskure zai nutse cikin ƙasa. Ana koya masa ya kafa ƙafa, ya manna kota a kafaɗa, ya ja kunama a hankali ba da fizga ba, kuma ya ci gaba da riƙe saiti bayan ya ja, domin adaka takan ɗan jinkirta tsakanin ƙyastawa da tashi. Tun da harbi ɗaya gare shi, dole ya matso kusa, ya tabbatar da abin da yake gani, ya san abin da ke bayansa. Wannan ƙarancin harsashi shi ya haifar da haƙurin da aka san mahalba da shi.

Ƙa'idojin da ke tsare rai

Ƙa'idojin wannan bindiga ba su da yawa, kuma kowace tana da dalilinta a cikin yadda makamin ke aiki. Masu harba irinta a ko'ina cikin duniya a kansu suka haɗu.

Ta farko, bakin bindiga ba ya kallon mutum, ko da ɗuri ko babu, ko da wasa. Adaka ba a buɗe ta a leƙa cikinta kamar ta zamani, don haka ido ba ya sanin ko tana da ciki. Gwani yakan zura sandar ɗuri ya duba inda ta tsaya, ya gwada da alamar da ya yi mata tun bindigar tana wofi.

Ta biyu, albarushi da mudu ake zuba shi. Ba a kafa ƙaho ko kwalba a bakin bututu a tuttula, domin ƙwayar wuta takan saura a ciki bayan harbi, idan ta kama sai ta bi har cikin ƙahon da ke hannun mai ɗuri. Saboda haka ake goge bututu tsakanin harbi da harbi, kuma mai ɗuri ba ya sa fuskarsa ko tafin hannunsa a saitin baki.

Ta uku, ɗuri ɗaya ake yi, a danna shi har ya zauna a kan albarushi ba tare da rata ba. Ɗuri biyu bisa mantuwa, ko ƙarin albarushi don a fi na kusa ƙara a ranar salla, ko baki da ya toshe da laka, su ne ke fasa bututu su tafi da yatsu ko ido.

Ta huɗu, idan an ja kunama bindiga ta ƙi tashi, ba a juyo ta a duba. A bar bakinta yana kallon inda babu kowa, a jira, domin wuta takan yi tafiyar hawainiya ta tashi daga baya.

Ta biyar, ba a zuba mata garin da aka ciro daga harsashin zamani. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, kuma bututun adaka, balle wanda aka yi da bututun ruwa, ba zai iya ɗaukarsa ba.

Ta shida, a ranar biki albarushi kaɗai ake ɗurawa, babu harsashi, babu tsakuwa, a ɗaga baki sama nesa da mutane da dawaki da rufin kara, domin tsumman da aka danna da wutar da ke fita su ma suna raunata na kusa. A gida kuwa bindiga a wuri ɗaya, albarushi a wani wuri, nesa da murhu da taba da hannun yara.

Zamani ya juya

Farin shekarun 1970 da na 1984, da yawan jama'a da faɗaɗar gonaki, sun cinye dajin da mahalba suka sani. A cikin shekarun 1970 gwamnati ta rufe farauta, daga baya dokar ran 29 ga Afrilu 1998 ta shimfiɗa tsarin farauta da kare namun daji. A 1994 aka kafa hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai, wadda aka fi sani da CNCCAI. Waɗannan matakai suna da hujjarsu. Amma da dawa ta ƙare, makarantar da ke cikinta ta raunana, samari kuma suka kama hanyar cin rani zuwa Kano da Agadas da Libiya. Bindigogin suna nan a rataye a ɗakuna, masu sanin ƙa'idarsu ne ke raguwa.

Kalmar ma kanta ta sauya ma'ana. A da, idan aka ce ƴan bindiga, ana nufin mutanen fada masu ɗamara da layu, waɗanda yara ke bi da sha'awa. Yau idan aka ji ta a rediyo gaba ke faɗuwa, domin ta zama sunan masu satar shanu da mutane. A 2019 dubun dubatar ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji da Madarumfa, suna guje wa irin waɗannan. Saurayin da ya tashi a wannan zamani zai ga bindiga ko an so ko ba a so, a waya ko a zahiri. Abin da ya rage shi ne wa zai fara yi masa bayaninta: dattijon da zai ce masa rai ba ya da madadi, ko wanda zai ce masa ita ce gajeriyar hanyar arziki.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Ba mu kaɗai muka gaji wannan makami ba. A Maroko, wasan dawaki da bindiga da ake kira taburida ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2021. Kowace tawaga tana da shugabanta da ke horar da mahaya, su sako dawaki a jere su harba a lokaci guda kamar bindiga ɗaya. Hawan sallar Kano, da ƴan bindigarsa, ya shiga wannan jeri a 2024. A Amurka akwai ƙungiyar masu harba bindigar ɗuri ta baki tun 1933, kuma a can manya masu aikin sa kai, bayan an horar da su an ba su shaida, su ke koya wa matasa ƙa'idojin tsaro kafin saiti. A Mali da Burkina Faso, mafarautan dozo ba sa karɓar sabon shiga sai yana da malamin da ya tsaya masa. Tsarin da suke bi iri ɗaya ne da wanda kakanninmu suka bi, sai dai wasunsu sun rubuta nasu sun ba shi mazauni.

Amanar da ke wuyan fada

 Sarauta ita ce ta fi kowa kusa da wannan al'amari, domin a ƙofarta ake harbin, kuma ita ce ke naɗa shugabannin masu yin sa. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin gari ba. A san masu harbin biki ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunayensu a fada, kowa da izinin hukuma kamar yadda doka ta tanada. Kada saurayi ya shiga sahu sai wani dattijo ya shaida cewa a hannunsa ya koya. Kafin kowace salla maƙeri masani ya duba bindigogin, wadda bututunta ya tsage ko ya ci tsatsa a ajiye ta. A keɓe wuri a bayan gari da rana sananniya don koyarwa a fili, da sanin jandarmomi da ma'aikatan gandun daji. Gidajen rediyon karkara kuma su ɗauki muryoyin tsofaffin mahalba tun suna raye, domin abin da ke kansu babu shi a littafi.

Wannan ba kira ba ne ga yawaita makamai, kuma tsaron ƙasa aikin hukuma ne. Kira ne ga kada bindigar da ta riga ta kasance a gari ta zauna babu malami. Dattawan da suka yi wannan aiki shekara da shekaru ba su nemi lada a wurin kowa ba, kuma shaidar aikinsu ita ce sallolin da aka yi aka watse ba a ɗauki kowa ba. Idan aka ji ƙarar adaka a ranar biki, ya dace a tuna da su, a kuma duba cikin sahu a ga ko akwai samarin da za su karɓa.

Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasar Tasawa da Mayahi lafiya, ya ja zamanin sarki.